A wane bango zan rataya zanen gidanmu na Birni?

Maman Hanifa: Salama alaikum 'yan uwa, ya zafi ya iyali. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri maganar da ɗan tsawo. Ƙanena da ke Yamai ya aiko mani da tablo, ba hoton da aka wanke ba ne, zane ne da ya yi da hannunsa, ƙofar gidan mahaifinmu ta unguwar Birni a nan Damagaram da zayyanar da ke samanta har da dakalin da Baba Allah ya jiƙan shi yake zama bayan la'asar. Waɗanda suka san mu sun san gaban gidan nan ya faɗi a daminar 2024, satin da tsohon masallacin Birni ya rushe, yanzu bulo aka jera a wurin, to wannan zanen shi ya rage mana sai wasu hotuna biyu na waya da ba su fito da kyau ba. Faɗinsa santimita 80 tsayinsa 60. Sati biyu ke nan yana jingine bayan kanape cikin zane na rasa inda zan sa shi. Salonmu ƙofa da babbar taga duk suna yamma, ni bangon gabas nake so don duk wanda ya shigo shi zai fara gani, maigida ya ce a'a nan suke fuskanta in ya yi baƙi suka yi salla a ciki. Kudu akwai tele da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, arewa kuma bangon da ya raba mu da ɗakin yara ne, nan kanape take. Ga Inna kuma ta ce a kai mata ɗakinta can Birni. Ya zan yi?

Hadiza 'yar Zango: Allah ya jiƙan Baba. Yaya ni dai saman tele zan ce, ai nan idon kowa yake, kuma kilim na kusa ba zai ji zafi ba

Sani Karkada: Hoto a ɗaki fa ku yi hattara, mala'iku ba sa shiga

Maman Hanifa: Sani babu mutum a ciki ko ɗaya, dakalin ba kowa, buzu ne kawai a shimfiɗe da buta a gefe

Mushe Lawali: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai ki tambayi ƙanenki da wane fenti ya yi, na mai ne ko akirilik, wato irin wanda ake damawa da ruwa, kuma a kan yadi ne ko takarda, don kowanne da abin da yake tsoro. Amma ko ban ji amsa ba zan ce maki bangon gabas ɗin nan ki cire shi daga ranki. Tunda tagarki tana yamma to daga la'asar har kusan magariba rana tana shigowa ta kwanta daidai a bangon nan, ki tsaya yau da ƙarfe huɗu da rabi ki gani da idonki. Na yi shekaru ina koyarwa, duk taswirar da muka liƙa a bangon da rana ke dukansa kafin hutun ƙarshen shekara ja da ruwan ɗorawa sun gudu sai shuɗi ya rage. Kuma launi in ya koɗe ya tafi ke nan, babu mai dawo da shi. Na biyu bangon gabas na waje ne, kuma duk ɗan Damagaram ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ruwa ke fara duka, a watan Agusta ki ɗora tafin hannunki a kai za ki ji danshi ko da siminti ne. Maigidanki ya hana saboda salla, ni na hana saboda rana da ruwa, kin ga mun haɗu.

Maman Hanifa: Mushe na gode, wallahi ban taɓa lura ba, da labule na rufe ai ba sai ya wuce ba? Na tambaye shi ya ce akirilik ne a kan yadi, kuma ya kwaɓa wani wuri da jar ƙasar da ya ɗebo daga katangar da ta faɗi, shi ya sa in ka shafa za ka ji tudu tudu

Mushe Lawali: Labule yana taimako amma gida mai yara wa zai riƙa tsaron labule kullum har shekara goma? Rana ɗaya ɗaya ce take taruwa. Kuma ki daina shafawa dan Allah, maiƙon hannu yana zama a jiki.

Mutari daga Liyon: Tanti ina wuni. Ni a nan na ɗan yi aikin ɗaukar kaya da rataya a wani gidan nune-nune lokacin ina karatu, abin da na gani zan faɗa. Suna auna haske da wani ma'auni da ake ce ma luks, zanen takarda ba sa barin ya wuce 50, na mai da akirilik wajen 200, ita kuwa rana tsirararta tana kaiwa 100,000, to ki kwatanta. Bitir, wato gilashin taga, na yau da kullum ba ya tare duk hasken da ke cin launi, yana rage wani ya bar wani ya wuce. Danshin iska kuma suna riƙe shi tsakanin 40 da 60 cikin ɗari, mu kuwa a gida da hunturu yana sauka ƙasa da 20 da damina ya haura, wannan hawa da saukar ita ke sa katakon baya ya tsuke ya kumbura, yadi ya saki ya ɗaure, fenti ya fara tsagewa. Ba za mu iya gyara iskar Damagaram ba amma za mu iya zaɓen bangon da ya fi zama lafiya, shi ne na cikin gida wanda bayansa wani ɗaki ne ba waje ba. A naki bayanin na arewa ke nan. Maganar Hadiza ta kusa da kilim kuma ban yarda ba, a kunna a yi sanyi a kashe ko a ɗauke wuta zafi ya dawo cikin rabin awa, wannan ya fi zafin da ya tsaya wuri ɗaya illa, ga shi wani lokaci kilim yana ɗigar da ruwa ta bango.

Hadiza 'yar Zango: To ai mu namu kalandar da agogo nan suke shekara da shekaru ba abin da ya same su

Mutari daga Liyon: Kalanda duk shekara ana canja ta Hadiza, wannan guda ɗaya ne a duniya. Kuma in tele na kunne babu mai kallon abin da ke samanta

Malam Sanusi: Bismillah. Tunda Sani ya taɓo maganar bari in ɗan ce wani abu kada a bar baiwar Allah cikin shakka. Zanen abin da ba shi da rai, gini ko itace ko dutse, babu laifi a cikinsa, Ibn Abbas ma da wani mai sana'ar zane ya zo masa cewa ya yi in dole ne ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan ƙofar gida ce da dakali, magana ta ƙare. Amma maigidanta yana da gaskiya game da alƙibla, don ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa Nana A'isha ta kawar da wani labule mai ado saboda yana ɗauke masa hankali a salla. To balle zanen gidan da mutum ya tashi a ciki, ita kanta in ta kabbara tana kallon dakalin mahaifinta ina hankalinta zai tafi?

Sani Karkada: Na karɓa Malam, ban karanta da kyau ba na yi sauri. Maman Hanifa ki yafe ni

Abdu Garin Malam: Malam ni nawa fa, mahaya dawaki ne na hawan salla a ƙofar fada, wani yaro ya zana mani

Malam Sanusi: Wannan malamai sun yi saɓani. A wurin malamanmu na Malikiyya abin da aka haramta kai tsaye shi ne mai jiki mai inuwa kamar gunki in siffarsa ta cika, na shafe a kan yadi ko takarda sun ce makaruhi ne in an ɗaukaka shi, wasu malaman kuma sun tsananta sun haɗa duka. Ka same ni bayan isha'i mu yi maganar a tsanake kada mu karkatar da tata.

Ila Kafinta: Hajiya ni ta ɓangaren aikina zan shigo. Bangon arewa na yarda, amma kada ki ɗauko ƙusa ɗaya ki buga a bulo ki rataya, bulon garin nan da yawa yashi ya fi siminti, ƙusar tana zaune yau bayan wata shida yaro ya buga ƙofa ta zame. A huda da inji a sa shebi biyu, wato 'yar robar da ake cusawa a ramin, da bis biyu, wato ƙusa mai murɗi, tazararsu kamar taƙi ɗaya da rabi, a rataya ta ƙugiya biyu, ba ya karkacewa kuma in ɗaya ta saki ɗaya na riƙe. Sannan a bayansa ƙasa ta kowane gefe a manna ɗan guntun roba ya ɗaga shi daga bango kamar kaurin yatsa iska ta riƙa wucewa. Abin da na fi gani yana ɓata irin waɗannan ba rana ba ce ma, gara ce da zanzaro. Na taɓa sauke wani kadir, wato katakon da ke kewaye hoto, a wani gida, ta gaba lafiya lau, na juya bayan gara ta cinye katakon saura ɓawo, ta biyo ta tsagar bango babu wanda ya sani. Zanzaro kuma ya samu lungu ya gina ɗakinsa da laka a jikin yadin, ga kashin tsaka. Don haka a rufe bayan da kwali mai kauri mai tsabta, kuma duk wata biyu a sauke a duba.

Nana Birni: Gaskiya ne zancen gara, mu nan cikin Birni ko akwati ba ma jinginawa da bango. Ila a fesa masa fiya-fiya mana ko a shafa baƙin mai a katakon

Ila Kafinta: A'a Nana kada a fesa komai a jikinsa, maganin sauro ma in za a fesa a ɗaki a rufe shi da zane tukun. Bangon za a yi ma magani a toshe tsaga a bari ya bushe sannan a rataya

Mushe Lawali: Tunda akirilik ne ga ƙasa a ciki to ƙura ce babbar abokiyar gabarsa. Shi akirilik ko ya bushe in zafi ya yi kamar na Afrilu da Mayu da muke wuce digiri 40 yana ɗan yin taushi, ƙura ta sauka ta manne, ga kuma tudun nan da za ta riƙa maƙalewa. Hunturu biyu ya isa ya yi fari fat. Ni da zan samu a sa masa bitir, amma irin mai zurfi kamar akwati yadda gilashin ba zai taɓa fentin ba.

Hadiza 'yar Zango: Mushe bitir ai yana ƙyalli, sai ka zo kallo ka ga fuskarka da ampul, kuma wannan ƙasar da ya sa ai don a ga tudunta ne

Mushe Lawali: Haka ne yana rage masa wani abu, ban musa ba. Amma a bangon arewa taga tana gefe ba ta fuskantar shi, ƙyallin kaɗan ne, hasken gefe ma shi ke fito da tudun zayyana, ku tuna yadda gidajen Birni suke fitowa da hantsi ko da yamma ba da tsakar rana ba. In ba a sa bitir ba to sai buroshi mai laushi busasshe, a hankali daga sama zuwa ƙasa, tsumma mai ruwa kuwa ko kusa, kuma a gaya ma duk mai shara a gidan.

Hajiya Rabi: Ni duk na karanta abin da kuka rubuta, kun yi ta auna rana da iska babu wanda ya tsaya a kan maganar tsohuwa. Maman Hanifa uwarki ta ce a kai mata. Ita ta yi shekara arba'in da wani abu tana shiga tana fita ta ƙofar nan, ita ke aika ma marigayi ruwa a butar nan da aka zana, ke kina neman inda baƙi za su gani ita tana neman abin da za ta buɗe ido ta gani da asuba. In ya koɗe ya koɗe mana, shekara nawa suka rage mata? Zane ya yi shekara ɗari lafiya a salonki uwarki ba ta more shi ba ina amfaninsa

Maman Hanifa: Hajiya wallahi maganarki ta taɓa ni, kuma ita ce ta hana ni barci ba bangon ba. Ba don baƙi ba ne Allah ya sani. Ɗakin Inna na ƙasa ne, cikin waɗanda suka tsira ne amma kusurwa ɗaya tana yoyo, kuma Inna ba ta rabuwa da kasko, turaren wuta safe da yamma, da sanyi ga gawayi, bangon ɗakin ma kansa ya yi baƙi. Mun yi mun yi ta dawo wurinmu ta ce ba ta barin ɗakin mijinta

Nana Birni: Hayaƙin turare kam yana kama komai, hoton Makka da ke ɗakin kakata ya koma ruwan ƙasa har ba a gane rubutun. Amma ni ma zuciyata tana wajen Hajiya Rabi

Mutari daga Liyon: A ɗauke shi hoto mai kyau a wanke babba daidai girmansa a kai ma Inna, na ainihin ya zauna inda zai tsira

Hajiya Rabi: Ɗana tsohuwa ba yarinya ba ce, ta san na hannun ɗanta ta san na inji. Ƙasar gidanta ce fa a jikin wancan

Malam Sanusi: Hajiya ta yi gaskiya haƙƙin uwa babba ne. Sai dai a je a zauna da ita a gaya mata dalili kamar yadda aka gaya mana nan, sau da yawa mu ke yanke ma tsofaffi hukunci ba mu tambaye su ba. In ta ji ta ce duk da haka a kawo, to a kai, Ila ya yi masa akwatin gilashin a sa a bangon da ba ya yoyo.

Bashir: Salama alaikum, ni ne ƙanen, Yaya ce ta sa aka shigo da ni. Na gode da yadda kuka ɗauki abin da muhimmanci wallahi ban zaci haka ba. Gaskiya da Inna a raina na zana shi, wata uku ina yi ina gogewa don zayyanar saman ƙofar daga ƙwaƙwalwa na fito da rabinta, amma da na zo aikowa na tuna yoyon ɗakin sai na ce a kai wurin Yaya. Ban sa masa banish, wato man da ake shafawa a kan fenti don kare shi, ba saboda ƙasar, tana canja launi ta yi duhu, don haka maganar Mushe ta bitir mai zurfi ita ce daidai. Abu ɗaya nake roƙo, kada a kai shi can sama kusa da silin yadda muka saba rataya hotuna. Na zana shi ne daga tsayin mutumin da ke tsaye a bakin hanya yana fuskantar ƙofar, in ya yi sama sai ka ga kamar gidan zai faɗo maka.

Mutari daga Liyon: A wurin da na yi aiki tsakiyar zane suke aunawa ba samansa ba, santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsayuwa. Naku mai tsayin 60 gindinsa zai kama wajen 115 zuwa 120 ke nan, kuma a bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bayan kanape kada kai ya riƙa bugunsa

Hadiza 'yar Zango: 115 da yara huɗu a gida? Hanifa kaɗai in ta hau kanape ta kai shi

Ila Kafinta: Shi ya sa na ce bis biyu, kuma zan iya sa ƙaramin ƙarfe ta ƙasa ya kulle shi da bango ba ya ɗaguwa sai an kwance. In ana tsoron fashewa akwai na roba mai kama da gilashi, sai dai shi yana jan ƙura kuma yana saurin ƙarcewa. Maman Hanifa kafin in zo ki yanka kwali daidai girmansa ki manna a wurin kwana biyu, ki duba shi da safe da azahar da la'asar, ki zauna a kan tabarma ki duba ki tashi tsaye ki duba, in ya kwanta maki sai a huda, ramin bulo ba ya son a yi ta sakewa

Maman Hanifa: To 'yan uwa na dawo. Jiya Juma'a na aika aka ɗauko Inna ta wuni, na manna kwalin kamar yadda Ila ya ce, rana ba ta taɓa wurin ko kaɗan, bangon gabas kuwa ƙarfe biyar na ga ta kwanta a kai har rabi Mushe ka yi gaskiya. Na fito da zanen na jingina mata a kan kujera ta zauna ƙasa ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, can ta ce Bashir ya manta ƙaramar tagar da ke hagun zaure wadda Baba ke ajiye rediyo. Na gaya mata zancen hayaƙi da yoyo duk ban ɓoye ba, na ce in ta ce a kai yau za a kai. Ta ce a bar shi nan ɗakinta ya ci abubuwa da yawa, amma na inji ba ta so, kuma a sauke shi ƙasa da inda na sa kwalin don ita ba ta zama kan kanape, daga tabarma take kallo.

Hajiya Rabi: Allah ya yi mata albarka, uwa ke nan ko tana so sai ta bar ma ɗa. Ni dai har yanzu da ni ce da na kai mata ko na watannin rani ne kafin ruwa ya sauka

Mushe Lawali: Yawan ɗauka da saukewa a kan babur shi ma yana karya kusurwa Hajiya. Amma ku rage tsayin da santimita 10 saboda ita, a matsar da kanapen gefe in ya kama.

Bashir: Tagar rediyo! Wallahi na manta da ita sam. Yaya ki ce ma Inna ina zuwa hutu, zan zauna a gabanta ta riƙa faɗa mani ina zanawa, ƙarami zan yi mata na cikin zauren a kan katako wanda zai jure ɗakinta, akwai sauran ƙasar a wurina

Ila Kafinta: To Maman Hanifa, Alhamis in na taso daga kasuwar Dole zan biyo da inji in auna zurfin kadir ɗin. Ki tambayi maigida ta ina wayar wuta ta bi a bangon nan kafin in huda, in akwai makunni a ɗakin yara daidai bayan wurin ki gaya mani tun yanzu